Fitila a Cikin Ganye

'Yan'uwana ɗalibai, ni ɗan manomin citta ne daga ƙasar Jaba, kuma babu darasin da ke ba ni tsoro kamar na ƙwayar halitta. A kan zana ta a allo kamar kango, alhali kuwa gari ce mai cike da 'yan aike. Ɗaya daga cikin 'yan aiken nan shi ne kalsiyam, watau sinadarin da ke cikin ƙashi. Amma yaya za a ga ɗan aiken da ba shi da launi?

Ga dabarar da masana suka yi. A 1962 wani Bajapane, Osamu Shimomura, ya samo furotin mai ƙyalli kore daga wata halittar teku mai kama da laima. A 1994 Martin Chalfie ya sa shi ya haskaka cikin tsutsa mai rai, Roger Tsien kuma ya ƙara masa launuka. Su uku aka ba kyautar Nobel a 2008. Daga baya aka haɗa furotin ɗin da wani mai kama kalsiyam, ta yadda in kalsiyam ya ƙaru sai hasken ya ƙaru, kamar maƙesu a fadama.

A 2018 Masatsugu Toyota da Simon Gilroy, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, suka sa fitilar nan cikin wata 'yar ciyawa, suka bar tsutsa ta ciji ganye. Sai ga haske ya bi jijiyoyi, kamar milimita ɗaya a daƙiƙa, har ya kai ganyaye masu nisa, su kuma suka shiga shirin kare kansu. Ashe shuka tana yin kururuwa, mu ne ba mu ji.

Abin da ya sa labarin ya tsaya mini a rai shi ne annobar 2023, wadda ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko. Manomi bai sani ba sai da ganye ya yi rawaya, lokacin kuwa saiwa ta ruɓe. Ba da citta aka yi gwajin Amurka ba, fitilar kuma ba magani ba ce. Duk da haka sai an ga ɓarawo kāna a kama shi.

Gobe 'ya'yan manoman nan za su zauna gabanmu a Kafanchan da Kwoi da Zonkwa. In mun koya musu cewa ganye mai rai ne, yana aika saƙo, watakila cikinsu wani ya kai fitilar nan gonar ubansa. Allah ya sa mu ga ranar.