Maki Ɗaya a Sashen Karatu

Jarrabawar MCAT, wadda masu neman gurbin karatun likitanci a Amurka da Kanada ke rubutawa, sassa huɗu gare ta tun sauyin 2015. Makin kowane sashe daga 118 ne zuwa 132. Uku sun shafi kimiyya da halayyar ɗan Adam. Ɗayan, wato CARS, ba ya neman hadda: matani tara ne daga falsafa, tarihi, adabi da makamantansu, da tambayoyi 53 cikin minti 90.

A nan gwanin ɗakin gwaje-gwaje kan yi tuntuɓe, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Iya warware hujjar marubuci ba abin da ake koya cikin wata guda ba ne. Nauyin ya fi danne wanda sai a aji ya koyi Ingilishi.

A ɗauki ɗalibin da ya sami 130 a sassa uku, ya tashi da 122 a CARS. Jimillarsa 512, makin da ba a rainawa. Sai dai masu tantancewa suna ganin kowane sashe daban, kuma makarantar da ta gindaya mafi ƙarancin maki ga kowannensu tana iya ajiye takardunsa tun kafin a karanta labarinsa. Jami'ar McMaster ta Kanada ma CARS kaɗai take ɗauka, ba ta kuma duba ƙasa da 123.

Yana iya sake zama, amma sabon maki ba ya goge tsohon. Duka biyun za su isa gaban kwamitin.