Garwa Ko Yola: Ina Za A Kai Yaran Lagdo Karatu?

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa bakin tabkin Lagdo ya ga yadda kwale-kwale ke dawowa da karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, ya kuma ji yadda ake ciniki da Hausa da Fulatanci da Faransanci a kan kwando guda. Tun da Sinawa suka gina madatsar ruwan nan a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, mutane suka yi ta kwararowa daga Najeriya da Cadi da Mali da ƙarshen arewacin Kamaru domin su da fataucin banda. Yau 'ya'yansu da jikokinsu ne suka cika makarantun garin, kuma da yawa daga cikin iyayen ƙafarsu ɗaya tana nan, ɗaya tana ƙasar da suka baro.

Wani maƙwabcinmu, mai fataucin kifi wanda iyayensa suka zo daga Najeriya, ya shigo zauren mahaifinmu bayan sallar isha'i, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yaron nan ya ci jarrabawar CEP, ƙanwarsa kuma tana biye da shi. 'Yan'uwa na ce in kai shi Yola, uwarsa na cewa Garwa. Na rasa ta cewa." Malam ya ce masa, "Alhaji, gani ya kori ji. Ku je ku dubo garuruwan nan biyu kafin ka yanke." Da yake mu ne ke karanta masa takardun Faransanci, sai aka haɗa mu tafiyar.

Garwa muka fara zuwa, don ita ce kusa. Idan mota ba ta yi gardama ba, mutum zai bar Lagdo da safe, ya hau babban titin da ya taso daga Ngaundere, ya ƙetare gadar Binuwai, ya gama abin da ya kai shi, ya kwana a gida. Gari ne mai faɗi, da tsaunin Tingelin a arewacinsa, da zafin da ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da yara ke shirin jarrabawa. Amma Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Unguwar Hausare tana nan kusa da Fulbere, kuma da wuya mutumin Lagdo ya rasa wanda ya sani a Yelwa ko Rumde Ajiya.

A Garwa muka ga hanyoyin karatu uku. Akwai ta Faransanci zalla, irin ta tsohuwar Lycée Classique et Moderne, inda yaro ke yin shekara huɗu ya zana BEPC, sannan Probatoire, sannan Baccalauréat wadda kowa ke ce wa Bak, shekara bakwai ke nan idan bai maimaita aji ba. Akwai ɓangaren Ingilishi a makarantu masu harshe biyu, wanda ke kai yaro ga jarrabawar GCE, matakin farko bayan shekara biyar, na gaba bayan ƙarin biyu. Akwai kuma makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda ke haɗa darasin gwamnati da na addini. Tun 2022 kuma aka kafa jami'a a Garwa, bayan ta Ngaundere da ta Marwa, don haka ba dole ba ne yaro ya yi nisa kamar da.

Bayan mako guda muka nufi Yola. Kogin da ya wuce ta ƙofar gidanmu shi ne ya wuce ta Jimeta, kuma a da can ƙasa ɗaya ce, ta Modibbo Adama, wanda ya kafa Yola a 1841, kafin Turawa su ja layi a tsakani. Sai dai layin nan ba wasa ba ne. Akwai shingayen jami'an tsaro, akwai canjin kuɗi, akwai hanyar da damina ke lalatawa. Ko'ina muka ce daga Lagdo muke, sai a yi murmushi a ce, "Ashe ku ne masu sako mana ruwa." Ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba.

Gaskiya Yola ta burge Alhaji. Makarantu masu zaman kansu birjik, na kwana da na jeka-ka-dawo, da yawansu suna haɗa boko da haddar Alƙur'ani. Ga Jami'ar Modibbo Adama, ga kuma Jami'ar Amurka ta Najeriya da Atiku Abubakar ya kafa, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashe dabam-dabam, ko da yake kuɗinta ya fi ƙarfin mai sayar da banda. Sakandare shekara shida ce, uku ƙarama uku babba, daga nan sai WAEC ko NECO, sai JAMB ga mai son jami'a. Tun da aka saki darajar naira a 2023, mai riƙe da sefa yana ganin sauƙin kuɗin makaranta a can, saboda sefa a ɗaure take da yuro. Alhaji ya buga lissafi, ya ga har zai rage wani abu.

Amma da muka zauna da wani tsohon malamin makaranta a Jimeta, sai ya yi wa Alhaji tambayar da ba mu zo da ita ba. Ya ce, "Ina kake son yaron nan ya nemi abincinsa idan ya girma?" Ya bayyana mana cewa takardar jarrabawa kamar kuɗi ce, kowace da kasuwar da take ci. Wanda ya dawo Kamaru da WAEC sai ya nemi a daidaita masa ita a Yawunde kafin ta yi masa amfani, kuma zai tarar Faransancinsa ya yi rauni a yankin da ofis da kotu da asibiti duk da shi ake aiki. Wanda kuma zai ci gaba a Najeriya, za a nemi ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumar da iyayensa suka fito. Ga shi dokar Kamaru ta 1968 ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma gara uba ya san wannan tun yaro yana aji ɗaya.

Mun ga misalin haka a cikin danginmu. Wani ɗan'uwanmu an cire shi daga Garwa saura shekara guda ya zana BEPC, aka kai shi Najeriya saboda an ji ana yabon wata makaranta. Da ya je ba ya jin Ingilishi, aka mayar da shi baya da aji biyu, ya zauna da yaran da ya girma, zuciyarsa ta karye, ya dawo ba takardar can ba ta nan. Yanzu yana tuƙa babur. Sana'a ba abin kunya ba ce, amma ba shi ya zaɓa ba.

Abu na biyu da muka lura da shi shi ne gidan da yaro zai zauna. Makaranta tana riƙe shi sa'o'i shida ko bakwai, sauran yinin da daren na mai masauki ne. Wa zai tashe shi da asuba? Wa zai lura idan zazzaɓi ya kama shi? A Garwa Alhaji yana da ƙanwa mai aure, kuma uwar yaron za ta iya zuwa duk ranar da hankalinta ya tashi. A Yola kuwa dangin sun yi nisa, sai dai ɗakin kwanan makaranta, ga yaro ɗan shekara goma sha biyu.

A ƙarshe Alhaji ya zaɓi Garwa, ya sa yaron a ɓangaren Ingilishi, aka ɗaukar masa mai ƙarin darasi na wata uku kafin a koma a Satumba. Dalilinsa shi ne GCE tana ci a Kamaru, kuma jami'o'in Najeriya sun san ta, ga Faransanci yana ji a titi kullum. Da yamma kuma yana zuwa makarantar allo ta unguwar. Ba muna cewa kowa ya bi sawunsa ba ne. Iyalin da suka ƙudura komawa gida Najeriya, ko suke da kaka ko kawu amintacce a Yola, can ya fi dacewa da su, kuma gara su kai yaro tun farkon sakandare.

Abin da muke roƙon iyaye shi ne su duba takardar haihuwar kowane yaro tun yau, domin a bakin tabkin nan akwai yara da yawa da ba su da ita, kuma ba a zana CEP sai da ita. Idan lokacin yin ta ya wuce, sai an bi ta kotu. Bayan haka su je da ƙafarsu su ga makarantar da gidan, su shawarci uwar yaro, kuma idan sun zaɓi hanya ɗaya su daure a kanta har ƙarshe.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilimi mai amfani, amin.