Hutun Hunturu a Dajin Yankari

Mu a al'adarmu tafiya sai da dalili: ko biki, ko suna, ko gaisuwar mutuwa, ko neman na sakawa a bakin salati. Ka ce za ka kwashi iyali ka tafi daji kallon namun dawa, a tsakiyar hunturu kuma, sai a yi ta kallonka ana jinjina kai. Ƙanena cewa ya yi, "Yaya, a wannan muku-mukun? Mutane na neman bargo, kai kana neman biri?" Duk da haka, da hutun ƙarshen shekara ya haɗe da Asabar da Lahadi, muka ɗora kaya a mota muka ɗauki hanya.

Daga garin Bauchi za ka kama hanyar Gombe, a Dindima ka karya kwana ka nufi Mainamaji, inda ƙofar dajin take, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Da ka wuce ƙofa kada ka ɗauka ka iso, domin akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai kafin masaukin Wikki. A wannan tsakanin ne surutun cikin mota yake mutuwa da kansa. Ba gida, ba gona, ba mai talla, sai itatuwa da busasshiyar ciyawa da hazo. Faɗin dajin ya kai murabba'in kilomita 2,244. Tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya a matsayin gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 aka maida wa jihar Bauchi kayanta. Kakanninmu ke nan suka yanka wannan fili suka ce a bar wa dabbobi, tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan rubutu.

Sanyin daji daban yake da na gari. A gari akwai katanga da hayaƙin motoci da ɗumin jama'a. A can kuwa jaura ce take zuwa kai tsaye. Alwalar asuba kaɗai ta isa ta tantance mai niyya. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, yara suka naɗe cikin rigunan sanyi sai idanu kawai ake gani. Amma wannan lokacin da muke ƙi shi ne lokacin da daji yake fara nuna abin da ya ɓoye. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa kuma ko'ina akwai, don haka dabbobi a warwatse suke. Idan iskar hunturu ta kaɗa, ganye ya zuba, kududdufai suka ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro kogin Gaji, wanda ya ratsa tsakiyar dajin. Daga nan har zuwa bazara, ƙishirwa ce take tattaro maka su wuri ɗaya.

Da sassafe muka shiga motar zagaye tare da jagora. Mun daɗe muna tafiya ba mu ga komai ba sai zabin daji da gadu na gudu da jela a miƙe. Ɗana ya fara ƙorafi: "Baba, ina giwar?" Jagoran, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya juyo ya ce, "Alhaji, a gaya wa yaro nan gidansu ne. Mu ne baƙi. Baƙo kuma ba ya sa mai gida fitowa." Sai ya sa aka tsaya, ya nuna mana sawu a ƙasa da kashin giwa, da reshen da aka karya tun daga sama, ya ce ba su daɗe da wucewa ba. Daga nan kallon ya canja. Yaran suka daina neman abu ɗaya, suka fara ganin abubuwa da yawa: gwambaza a bakin ruwa, mazo a cikin duhuwa, garken ɓauna can nesa cikin hazo, ga tsuntsaye da aka ce nau'insu ya haura 350 a dajin.

Giwa ba mu gan ta ba a wannan fitar, kuma ban ji an cuce ni ba. A nan ne tunanina ya tsaya. Mun saba da rayuwar da komai sai mu danna ya zo. Waya ta koya mana cewa idan abu bai burge mu nan take ba, mu tura shi sama mu ga na gaba. Daji ba ya aiki haka. Kuɗin ƙofa bai saya maka giwa ba, dama ce kawai ya ba ka ta zama kusa da inda take rayuwa. Wanda ya zo da gaggawa zai koma yana cewa ba komai a Yankari. Wanda ya iya yin shiru cikin sanyi, ya bar ido da kunne su yi aikinsu, zai koma da abin da ba a iya ɗauka a hoto. Yaranmu suna bukatar wurin da ba ya yi musu biyayya, don su san duniya ba domin su kaɗai aka yi ta ba.

Ladan sanyin kuwa yana Wikki. Ruwa ne garai-garai da yake ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, kana hango farin yashin ƙasansa. Ɗuminsa yana nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina, domin daga can cikin ƙasa yake fitowa, inda iskar sama ba ta da iko. Da hantsi ka sa ƙafa kana ɗari-ɗari, sai ka ji kamar ruwan wankan da uwa ta sirka wa ɗanta. Shiga ba wuya, fitowa ce aiki. Sai dai a kula da gwaggon biri. Sun san leda, sun san kula, sun san ɗakin da aka manta ba a rufe ba.

Dajin kuma ba na dabbobi kaɗai ba ne a tarihi. Akwai kogunan dutse da ake kira Marshall, ɗakuna ne da mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, suka zauna ciki. Akwai rijiyoyin Dukkey, akwai kufan matoyar tama inda aka narka ƙarfe. Mutane sun rayu a nan, sun yi sana'a, sun shuɗe.

Dabbobin ma suna iya shuɗewa. Raƙumin dawa ya taɓa yawo a Yankari, yau babu shi. Waɗanda ake gani a gandun dajin Sumu, a jihar ta Bauchi, daga Namibiya aka kawo su a 2006. Giwayen Yankari suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, zakunan kuwa 'yan kaɗan ne. Farautar hauren giwa ta yi ɓarna, ga matsin neman kiwo da itace. A ɗaya gefen kuma akwai manomin da giwaye kan shiga gonarsa su cinye wahalar shekara a dare ɗaya, kuma kukansa gaskiya ne. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS take aiki da gwamnatin jiha wajen tsaron dajin, amma ma'aikaci da bindiga ba zai iya shi kaɗai ba sai maƙwabtan daji sun ga amfaninsa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun nuna hakan mai yiwuwa ne. A yankin Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996, amma da aka haɗa kai da mutanen ƙauyuka suka hayayyafa har suka haura 600.

Don haka wanda Allah ya hore masa, ya gwada ko sau ɗaya. Ku nemi masauki tun da wuri, domin lokacin hutu wurin cika yake yi. Ku tambayi halin hanya, ku yi tafiyar da rana. Ku riƙi bargo da rigar sanyi da man kaɗe, ku kwashe ledojinku idan za ku taho, kada ku bai wa biri abinci, ku kuma yi wa jagora alheri. Abin da ba mu sani ba ba za mu kare shi ba. Ku kai yaranku su ga sawun giwa da idonsu, tun tana nan a dajinmu.