Koyon Maganin Guba ta Hanyar Wasa: Darasi daga Jazira

Tun da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, noman auduga ya zama jigon rayuwar Jazira, kuma Hausawan ƙauyukan yankin, har da na Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, sun daɗe cikin wannan aiki. Inda ake feshin auduga kuwa, maganin ƙwari ba ya rasa hanyar shiga gida, wani lokaci a cikin kwalbar lemo. Yaro ba ya tambaya kafin ya sha.

Guba uku ne ɗalibin lafiya a wannan yanki bai kamata ya jahilta ba. Maganin ƙwari nau'in oganofosfet yana tsuke ƙwayar ido, ya kawo dalalar yawu da sarƙewar numfashi. Makarinsa allurar atirofin. Kananzir kuwa ba a sa wanda ya sha shi amai, domin yana iya zarcewa huhu. Sai baƙin rinin da ake haɗawa da lalle, wanda yake kumbura harshe da wuya, ya lalata ƙoda. Babu makarinsa, sai gaggawar buɗe hanyar iska.

Littafi yana faɗin duk wannan, amma ba ya koyar da yanke shawara cikin minti biyar. Nan ne wasan kwamfuta yake da amfani. Ana nuna wa ɗalibi yaro na ƙirƙira a fuskar waya, lokaci yana tafiya, shi kuma yana zaɓen mataki. In ya kuskure, yaron ya galabaita, a sake daga farko, ba tare da an yi makoki a gidan kowa ba.

Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, ta shahara da koyar da likitanci ta hanyar warware matsala da zama cikin ƙauyuka. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya tarwatsa azuzuwa, ya sa karatu ta waya ya zama dole. Wasa mai aiki ko da babu intanet zai dace da wannan hali.

Sai dai sharaɗi guda: uwar da ke cikin wasan ta yi magana kamar uwar gaske. Za ta ce ta riga ta ɗura masa madara, ko ta kira maganin da sunan da ake kiransa a gona, da Hausa ko Larabcin Sudan. Ɗalibin da bai saba jin wannan bayani ba zai ɓata mintocin da yaron yake buƙata.