"Ai a Littafi Yake, Malam!"

Mu huɗu ne, duk 'yan Sabon Gari a Wudil, ajinmu ɗaya, hanyarmu ta makaranta ɗaya. Bayan sallar isha'i mukan shimfiɗa tabarma a soron gidan su ɗayanmu, mu kunna fitila mai caji, mu yi bita. Lokacin muna aji ɗaya na babbar sakandare, littafin labarin ƙasa ɗaya tal muke da shi, shi ma na kawun ɗayanmu ne, daga ƙasan akwati aka zaƙulo shi. Bangonsa ya daɗe da cirewa, shafukan farko sun bi bangon, takardar ta yi ja. Duk da haka muna ji da shi, don a ajinmu da yawa ba su da ko irinsa.

Ranar gwajin tsakiyar zango, Malam ya tambayi yawan duniyoyin da ke kewaya rana. Muka yi murmushi, don mun haddace wannan shafin. Muka rubuta tara, muka jero sunayensu, muka rufe da Fuluto. Da takardu suka dawo, dukkanmu huɗu an soke mana amsar da jan biro. Ranmu ya ɓaci. Aka tashi tara, muka ɗauki littafinmu muka nufi ofishin malamai.

"Samari, lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Gyara muka zo a yi mana. Ai a littafi yake, ga shi nan."

Malam ya karɓa, ya juya shi gaba da baya. "Wa ya rubuta shi? A wace shekara aka buga shi?"

Muka yi tsuru-tsuru. Ba mu taɓa tunanin littafi yana da shekarun haihuwa ba. A wurinmu duk abin da aka buga da inji gaskiya ne, ba a ja da shi.

Malam bai yi faɗa ba. Ya buɗe taswirar Najeriya da ke tsakiyar littafin, ya ce mu ƙirga jihohi. Muka samu 21. Ya ce mu nemo masa Jigawa. Muka duba, babu ita; Dutse da Haɗeja da Gumel duk suna cikin Jihar Kano. Ya ce mu nemo Katsina, muka same ta. "To, ku lissafa," in ji shi. "An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Jigawa kuwa a 1991. Tun 1996 jihohinmu 36 ne." Nan muka gane littafinmu tsakanin 1987 da 1991 aka buga shi, ya girme mu nesa ba kusa ba. Sannan ya gaya mana cewa a watan Agusta na 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta sake fayyace abin da za a kira duniya, Fuluto ta faɗa rukunin ƙananan duniyoyi, lissafi ya koma takwas. Marubucin bai yi ƙarya ba a zamaninsa. Ilimi ne ya yi gaba ya bar littafin a baya.

Daga nan ya jawo durowa ya fito da wani kundi da ba mu taɓa gani ba. "Wannan ita ce manhaja," ya ce. "Da ita ake auna littafi, kamar yadda ake auna hatsi da mudu a kasuwar Juma'a. Da ita kuma ake auna ni kaina."

Abin da muka koya a ranar, da wanda muka ƙaro daga baya, shi muke so mu ba 'yan uwanmu ɗalibai.

Manhajar makarantun firamare da sakandare ta ƙasar nan hukumar NERDC ce ke tsara ta, wato hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta tarayya, wadda aka kafa a 1988, hedikwatarta tana Sheda a yankin Abuja. In ka buɗe manhajar za ka ga an jera ta gida-gida: ga batun darasi, ga abin da ake so ɗalibi ya iya bayan an koyar da shi, ga ƙunshiyar darasin, ga aikin malami, ga aikin ɗalibi, ga kayan koyarwa, ga yadda za a gwada ko an fahimta. Kamfanin buga littattafai da ke son littafinsa ya shiga aji yakan miƙa shi a tantance, masana darasin su ɗora shi a kan wannan ma'auni. Shin ya taɓo duk batutuwan ajin, ko ya tsallake wasu? Bayanansa daidai ne, kuma na yanzu ne? Harshensa ya yi daidai da shekarun yaran? Hotuna da taswirori suna fitowa sarai? Akwai aikin gwaji a ƙarshen kowane babi? Ya mutunta addini da al'adun jama'a, bai ƙasƙantar da mace ko wata ƙabila ba? Har takarda da girman rubutu da ƙwarin ɗinki ana dubawa, don littafin da zai wargaje a zango ɗaya asarar kuɗin iyaye ne.

Aikin bai ƙare a Abuja ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba tarayya da jihohi duka hurumi a harkar ilimi, saboda haka jiha tana da ta cewa a kan littattafan da za su shiga makarantunta. A nan Kano al'amarin yana hannun Ma'aikatar Ilimi da hukumominta, irin su SUBEB mai kula da ilimin matakin farko, da sashen KERD, wanda duk ɗan aji biyu ya san shi saboda jarrabawar kwalifayin. Sannan ga WAEC da NECO da JAMB, kowacce tana da jadawalin abin da za ta tambaya. Littattafan adabin Hausa da na Turanci da suke zaɓa ma ana sauya su bayan 'yan shekaru, don haka wanda yayanka ya karanta ba lallai shi ne naka ba.

Mafi yawanmu mun fara jin labarin tantance littattafai ne a watan Oktoba na 2023, lokacin da gwamnatin Kano ta hana amfani da wasu littattafai shida a makarantu, ciki har da The Queen Primer, bisa dalilin cewa suna ɗauke da abubuwan da ba su dace da tarbiyyar yara ba. Maganar ta cika gidajen rediyo, aka yi ta tattauna ta a majalisu. Mun ga amfanin iyaye su riƙa leƙa abin da ke cikin jakar 'ya'yansu. Sai dai mun lura da wani abu. Idan littafi ya taɓa tarbiyya, gari kan ɗauka. Idan kuwa ya tsufa ne kawai, ko ya tsallake babi uku na manhaja, ko amsoshin lissafin bayansa kuskure ne, ba mai kai ƙara gidan rediyo. A hankali yake cinye makin ɗalibi, sai ranar da sakamako ya fito a ce yaron ne ba ya karatu.

Ko littafin da aka tantance ma yana tsufa. An fara aiki da manhajar ilimin matakin farko ta shekara tara a 2008, aka fara aiki da wadda aka yi wa kwaskwarima a 2014, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da wata sabuwa. A watan Mayu na 2024 ƙasar nan ta koma tsohon takenta na lokacin samun 'yanci, don haka littattafai da dama da aka buga kafin nan suna ɗauke da taken da aka daina rerawa. Kwamiti na zama ya gama ya tashi, amma duniya ba ta jiran kowa.

Bayan wannan abin kunya, muka yanke shawarar haɗa kuɗi mu sayi sabo. Wata biyu muna tarawa: wannan daga kuɗin tara, wancan daga dakon da yake yi ranar kasuwa, ɗayanmu kuma innarsa ta ƙara masa daga cinikin awara. Da muka je wurin mai littattafai, ya ɗauko mana iri biyu. Ɗaya bangonsa sai ƙyalli, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ya dace da sabuwar manhaja, kuɗinsa kuma bai kai rabin ɗayan ba. Da a da ne, da mun biya mun yi gaba. Amma mun zo da jerin batutuwan zango uku da muka kwafa daga kundin Malam. Muka tsuguna muka gwada shi da jerin babobin littafin, sai ga batutuwa da dama babu su. Babu shekarar bugu, babu adireshin kamfani, taswirorin sun yi dishi-dishi kamar an wanke su. Araha ba ta ado. Muka ajiye shi, muka ƙara sati biyu muna tari, muka sayi ɗayan.

Tun daga lokacin, duk littafin da ya zo hannunmu sai mun yi masa tambayoyi. Mu buɗe bayan shafin farko mu ga shekara da bugu na nawa ne. Mu duba sunan marubuci da na kamfani, da lambar ISBN. Ta zamani mai lamba 13 ce, ta littattafan Najeriya kuma kan fara da 978-978. Mu gwada babobinsa da batutuwan da malami ya ba mu. Mu tambayi malamin darasin ko yana cikin waɗanda aka amince da su. Idan kuma littafi da malami suka saɓa, mu je da ladabi mu tambaya, don wani lokaci littafin ne ya tsufa, wani lokaci malamin ne ya yi tuntuɓe, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Makin nan dai Malam bai mayar mana ba, ya ce mu ɗauka kuɗin makaranta ne muka biya. Littafin kawu ma ba mu yar ba. Babinsa na duwatsu da na karatun taswira har yanzu ya fi na sabon sauƙin fahimta. Mun yi masa bango da kwali, muka rubuta da babban baƙi: "An buga tsakanin 1987 da 1991, a duba kafin a haddace." Yanzu yana hannun ƙannenmu, kuma a shafin duniyoyi, kusa da Fuluto, akwai gyaran da muka yi da fensir.