Takardar da ke cewa Kawu yana da rai

A garinmu mutuwa ce ake yi wa shela. Ana faɗa a masallaci, ana sanarwa a rediyo, ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Rai ba ya bukatar shaida: wanda aka gani a sahun asuba, ai yana nan. Amma akwai wata ma'aikata a ƙasar Holan da wannan ba ya isar ta. Duk shekara sai ta aiko wa kawuna takarda har Damagaram, tambayarta guda: har yanzu kana raye?

Kawu, yayan mahaifiyata ne. Shekara 30 ya yi a Holan, yawancinsu cikin gonakin gilashi na tumatir kusa da Rotadam. Can ya samu takardar zama ɗan ƙasa, fasfonsa ma na can ne. Da ƙarfi ya ƙare sai ya ce shi dai a Birni za a rufe shi, ya tattaro ya dawo.

Kuɗin tsufan da yake karɓa sunansa AOW, tun 1957 ake biyan sa a ƙasar. Ma'aikatar da ke biya ita ce SVB, hedikwatarta na Amstelveen. Lissafin ba wuya: ana duba shekaru 50 na kafin mutum ya kai shekarun karɓa, waɗanda yanzu 67 ne, kowace shekarar da ya yi cikin tsarin tana ba shi kashi 2 cikin 100. Kawu da shekarunsa 30 ya tashi da kashi 60. In tsoho ya mutu a Holan, rajistar gari ce ke sanar da su kai tsaye. In ya mutu a Damagaram fa, wa zai gaya musu? Shi ya sa takardar nan, wadda suke kira levensbewijs, mu kuma muka san irinta da sartifika da bi, don tsofaffin ma'aikatanmu ma ana neman ta wurinsu.

Tun da yana ta rufe wa Kawu ido ɗaya, aikin ya dawo kaina, ni ne ɗan jami'ar gidan. Nakan cika suna, ranar haihuwa, adireshi, da wurin da ake tambaya ko yana da aure ko shi kaɗai yake zaune, don kuɗin mai iyali daban ne da na gwauro. Sannan sai babban aikin: dole shi da kansa ya je gaban hukuma da fasfo mai aiki, a gan shi ido da ido, a sa hannu, a buga hatimi. Ba a wakilci. Gani ya kori ji.

Mutumin da gwiwa ta hana shi ruku'u, shi nake tallabawa cikin adaidaita. Bara sau uku muka je wani ofishi. Ranar farko mai sa hannu ya tafi taro. Ta biyu an ce hatimi na cikin durowa, makulli kuma na aljihun wanda ya tafi jana'iza. Ta uku wani matashin ma'aikaci ya juya takardar ya ce, "Baba, mu ba mu san irin wannan ba." Kawu ya ce, "Ɗana, ba sai ka san ta ba. Ni za ka duba. Na yi maka kama da gawa?" Duk ofishin aka kwashe da dariya, aka buga hatimi.

Abin dariya ne, amma ba kullum ba. Takardar tana da wa'adi, in bai cika ba ana tsayar da kuɗi sai ta isa. Wata shekara wasiƙar ta makara a hanya, kuɗi suka tsaya wata biyu, kuma a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi ta hau. A nan na ƙirga bakunan da ke ci daga numfashin tsoho ɗaya: goma sha huɗu. Har da kuɗin rajistata da na fotokopin darussa. Inna ta sayar da tunkiya biyu kafin abin ya warware.

A lokacin ne wani abokinmu a fada ya yi maganar da har yau take mini yawo. Ya ce, "Kai, ranar da ta Allah ta kasance, ku yi gum. Tsofaffi masu farin gemu sun ƙare ne a garin nan?" Wasa yake, amma irin wasan da ke da ƙashi a ciki. Maganar ta kai kunnen Kawu. Bai yi faɗa ba. Ya kira ni ya ce kuɗin nan ba ajiya ba ce da ya bari a banki. Masu aiki na yau ake cire wa a biya tsofaffin yau, kamar yadda aka cire masa lokacin da yake tsinkar tumatir. "Akwai yaro can da ke tashi cikin sanyi don in ci tuwo a nan. Ranar da na tafi, kai za ka rubuta musu, tun kafin sadakar uku. Kada ku aiko mini da wuta cikin kabari."

Tun daga nan nake ganin takardar da wani ido. Ba raini ba ce. Amana ce tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, kuma ba za su gani ba. Sai dai tambayarta gajera ce: yana numfashi ko a'a. Ba ta tambaya ko ya ci abinci, ko an kai shi wurin likitan ido, ko akwai mai zama ya saurari labarinsa na jiragen ruwan Rotadam karo na ɗari. Waɗannan ba aikin Amstelveen ba ne. Namu ne, mu goma sha huɗun.

Ƴan'uwa ɗalibai, da yawanmu muna da irin wannan tsoho a gida, ko tsohon malami, ko tsohon soja, ko wanda ya yi ƙaura ya dawo. In takardarsa ta zo, kar ku bari ta kwana ƙarƙashin matashi. Ku duba wa'adi, ku duba ko katinsa ko fasfonsa bai mutu ba, ku yi fotokopi bayan an buga hatimi, ku riƙe rasit ɗin aikawa. In kun fito daga ofishin kuma, kar ku yi saurin mayar da shi ɗaki. Ku tsaya wurin mai shayi, ku bar shi ya yi hira.