Kayan Aiki na Aro, Magana Tamu

Mu da muke koyarwa a makarantun boko na Abijan mun daɗe da wata damuwa. Yaranmu da aka haifa a Treichville da Adjamé Faransanci suke karantawa, Julanci suke ciniki da shi, Hausa kuwa sai in uwa ta kira su cin abinci. Yanzu ga waya a hannun kowa, ita ma ba da harshenmu take amsa musu ba.

Shi ya sa muka zauna da samarinmu masu gyaran waya, waɗanda muke haɗuwa da su ran Juma'a a babban masallacin Treichville, muka nemi su koya mana yadda ake yin shafin intanet mai amsawa. Wato shafin da in ka latsa maɓalli zai motsa, ya buɗe sanarwa, ko ya juya rubutu daga Faransanci zuwa Hausa.

Ga abin da muka fahimta. Harshen da ke sa shafi motsi sunansa JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape na Amurka a 1995. Rubuta komai da shi tun daga tushe aiki ne mai cin rai, domin a da kowace manhajar buɗe shafi da irin nata hali. A 2006 John Resig ya fito da jQuery, wani rumbun umarni da aka riga aka rubuta, kyauta ga kowa. Kamar tela ne da ya sayi zare da maɓallai a kasuwa, ba sai ya kaɗa auduga da kansa ba. Abin da zai ci layi goma sai a gama shi da layi ɗaya ko biyu, kuma nauyinsa bai kai na hoto guda ba, abin da ke da amfani ga mai sayen data da ɗan canjinsa. Daga baya wasu rumbunan sun fito, irin su React na Facebook a 2013.

Akwai ma rumbu mai suna Adhan, wanda in ka ba shi matsayin gari a taswira zai lissafa lokutan salla biyar. To, amma a nan ne muka ga iyakarsa. Ya san lokacin da rana ta yi zawali a Abijan, bai san ƙarfe nawa liman ke tayar da salla ba. Bai san an yi rasuwa a unguwa ba, balle ranar addu'ar bakwai. Maɓallin da ke juya harshe kuwa, in ba wanda ya zauna ya rubuta Hausar, fili kawai zai nuna. Sai mutum ya nemo ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda babu su a allon rubutu na Faransanci, don kada ƙasa ta koma kasa.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Samari sun iya umarni, amma Hausarsu ta yi rauni. Dattawa na da Hausa, amma ba su taɓa kwamfuta ba. Saboda haka muna roƙon kowane malami da kowane dattijo ya ware awa ɗaya a mako ya zauna kusa da ɗansa, shi yana faɗa, yaro yana bugawa. Allah ya sa mu dace, amin.